Jirgin da Yaron Zango Zai Iya Haɗawa da Hannunsa

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaida mutanen Kpandai da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Salaga, da na Yendi, har can Bawku bakin iyaka. Ƙannena samari da 'yan mata, shirin yau naku ne. Amma iyayena maza da mata, don Allah kada ku tashi daga gaban rediyo, domin rabin maganar da ku nake.

Yau a kan jirgi marar matuƙi za mu tattauna, wanda samari suke kira duron. Da yawanmu mun gan shi. Ana ɗaurin aure ko taron siyasa, ko ana bikin Damba a Yendi, sai ka ji ƙugi a sama, ka ɗaga kai ka ga abu mai farfela huɗu ya tsaya cak yana ɗaukar hoto, yara suna ta nuna shi da yatsa. Akwai kuma wani iri mai fukafukai, wanda ya fi wancan girma da amfani. A watan Afrilun 2019 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya buɗe tashar farko ta kamfanin Zipline a Omenako, inda jirage suke ɗaukar jini da allurar rigakafi da maganin saran maciji su kai asibitocin karkara. Kamfanin ya fara wannan aiki a Ruwanda tun 2016. Bayan Omenako an buɗe wasu tashoshin, har da ta Vobsi kusa da Walewale, da ta Kete Krachi nan kudu da mu. Jirgin yana gudun kilomita wajen 100 a awa, yana ɗauke da kayan da bai kai kilo 2 ba, yana kai wa asibitin da ke nisan kilomita 80, ya saki kwalin da 'yar lema, ya juya gida ba tare da ya sauka ba. Duk wanda ya taɓa goya maras lafiya a babur da damina, ya isa bakin Daka ko Oti ya tarar ruwa ya cika, ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin wannan ba.

Kete Krachi ɗin nan fa, garin da Alhaji Umaru ya zauna ke nan, babban malamin nan haifaffen Kano da ya baro Salaga bayan yaƙin 1892, ya rasu a can a 1934. A zamaninsa ayarin fatake sai ya yi watanni a hanya daga Kano kafin ya iso kasuwar goro ta Salaga. Kuma ayarin nan ba 'yan kasuwa kaɗai ya kawo ba. Ya kawo maƙera da dukawa da maɗinka da masaƙa, su ne suka kafa zangunanmu da sana'ar hannu. Shi ya sa abin yake damuna: kusan duk jirgin da ya taɓa wucewa ta kanmu a kwali ya zo daga wata ƙasa. Wanda ya lalace a hannun mai ɗaukar hoton biki, sai a aika shi Kumasi ko Akra, ko a jefa shi ƙarƙashin gado. Alhali a kowane layi na kasuwanninmu akwai yaro mai gyaran waya da yake dalma a kan abin da ya fi kayan cikin jirgi ƙanƙanta.

Ku tsaya gaban teburin mai gyaran waya ku kalle shi minti biyar. Ya sunkuya, ya riƙe numfashi, ƙarfen dalma a hannun dama, hantsaki a hagu, ya ɗaga wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba, ya manna shi daidai inda ya kamata, hayaƙi ya ɗan tashi, ya hura, ya danna, waya ta kawo wuta. Wannan hannun zai iya haɗa duron. Abin da ya rage masa shi ne ya san yadda iska take ɗaukar abu, kuma wannan ilimi ba a kulle yake ba.

Bari in ba ku misalan mutanen da aka sani. A shekarar 2007 wani matashi ɗan Meziko mai suna Jordi Muñoz, yana zaune a Amurka ba aikin yi, ya ciro na'urar da ke jin motsi daga rimot ɗin wasan Nintendo Wii, ya haɗa ta da ɗan jirgin wasan yara, ya rubuta umarnin da zai sa jirgin ya daidaita kansa. Ya sa aikinsa a intanet, wani ɗan jarida mai suna Chris Anderson ya gani, a 2009 suka kafa kamfanin 3D Robotics tare. Daga wannan zumunci na masu sha'awa manhajar ArduPilot ta fito, kuma har yau kyauta ce, kowa na iya saukewa. Kamfanin DJI na ƙasar Sin, wanda yawancin jiragen bikin nan nasa ne, wani ɗalibi ne mai suna Frank Wang ya faro shi a 2006, daga gwaje-gwajen da yake yi a ɗakin kwanansa na jami'a a Hong Kong. In kun ce waɗannan sun yi nisa, to ga na kusa. A Yamai akwai Abdoulaziz Kountché, wanda ya fara da ƙera ƙananan jirage don sha'awa, daga baya ya kafa kamfanin Drone Africa Service, jiragensa suna ɗaukar taswirar ƙasa daga sama. A Kano kuma, a 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci da babura, har ya ɗaga sama kamar mita 2. Na jinjina wa ƙoƙarinsa ƙwarai. Sai dai ba ita ce hanyar da nake so ƙannena su bi ba, domin jirgin da mutum yake zaune a ciki in ya faɗi da rai yake faɗuwa. Ƙaramin jirgi kuwa in ya faɗi, gam da salatif ne kuɗin jinyarsa.

(Ɗan kiɗa)

To, daga ina ake farawa? Kusan duk yaron da ya zo da wannan sha'awa, mai farfela huɗu yake so, da kyamara, yau-yau. Ni shawarata a fara da fiffike, kuma a fara ba inji. Farin soson nan mai tauri da yake zuwa cikin kwalin firji ko talabijin, wanda ake zubarwa a bayan shago, shi ne kayan aikin farko. Sai tsinken tsire, da gam, da salatif, da reza mai kaifi. Kada ku raina soso. A Malawi, a 2020, asusun UNICEF da jami'ar Virginia Tech ta Amurka sun buɗe makarantar koyon jirage marasa matuƙa a Lilongwe, kuma jirgin da ɗalibai suke koyon haɗawa a can da allon soso ake yin jikinsa.

Ka yanka fiffike mai tsawon kamu huɗu ko biyar, ka goge samansa ya ɗan yi doro, gabansa ya fi bayansa kauri. Ka yi masa jiki siriri, ka sa jela biyu a baya, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Yanzu ga wurin da nake so kowa ya buɗe kunne, don a nan yawancin masu farawa suke karaya. Ka auna faɗin fiffiken daga gaba zuwa baya, ka raba uku. Wajen ƙarshen kashi na farko, ka ɗora jirgin a kan yatsunka biyu, ɗaya ƙarƙashin fiffiken dama, ɗaya ƙarƙashin na hagu. Ka saki hannu ɗaya da yake tallafe da shi, ka duba. In ya zauna daidai, hancinsa ya ɗan sunkuya kaɗan, madalla. In jela ta rinjaya, ka manna tsabar kuɗi ko ɗan curin yumɓu a hanci har ya daidaita. Jirgin da hancinsa ya yi nauyi fiye da kima zai nufi ƙasa da sauri, amma ana iya lallaɓa shi. Wanda jelarsa ta yi nauyi kuwa sai ya ɗaga kai sama, gudunsa ya mutu, ya faɗo, ba matuƙin da zai cece shi. Da sassafe kafin iska ta tashi, ka je filin makaranta, ka fuskanci inda iskar take fitowa, ka tura shi a hankali daidai kafaɗarka, kada ka wurga shi sama. Ka lura da abin da ya yi, ka gyara abu ɗaya tak, ka sake turawa. Ka sami littafi kana rubuta abin da ka canza da abin da ya biyo baya. Ranar da sosonka ya sulala ya yi tafiya mai tsawo ya sauka a kan cikinsa, ka koyi abin da mai kuɗin da ya sayi nasa a kwali bai sani ba.

Bayan nan ne za a sa inji. Ana buƙatar ƙaramin injin lantarki guda ɗaya da farfelarsa, da na'urar da ke daidaita gudunsa, da ƙananan injuna biyu masu motsa jela, da rimot da abin da ke karɓar saƙonsa a cikin jirgi, sai batir. Kusan duka daga Sin ake kawo su, kuma rimot ne ya fi tsada. Amma rimot ɗaya yana iya tuƙa jirage da yawa, yau wannan gobe wancan, don haka samari biyar ko shida su yi adashi su saya tare ya fi kowa ya yi ta jiran ranar da zai iya shi kaɗai. Akwai kuma manhajar kwaikwayon tuƙi, wadda ake jona rimot da kwamfuta a yi ta faɗuwa ba asara. Wanda ya yi makonni a kanta kafin ya fita fili ya ceci farfela da yawa.

Shi mai farfela huɗu lissafinsa daban ne. Ba shi da fiffike, don haka da zarar inji ɗaya ya tsaya, faɗuwa ce kawai. Farfela biyu suna juyawa dama, biyu suna juyawa hagu, domin da duka gefe ɗaya suke juyawa da jikin jirgin ya yi ta wulwulawa. In ana so ya yi gaba, injunan baya su ƙara gudu, gabansa ya sunkuya, ya tafi. Ba ɗan adam da zai iya daidaita injuna huɗu da yatsunsa, shi ya sa ake sa masa ƙwaƙwalwa, wani ɗan allo da bai kai tafin hannun jariri ba. Ku tuna yarinya mai tallar koko da ƙosai, faranti a ka, hannu a sake, tana tafe tana hira. Wuyanta bai taɓa hutawa ba, yana jin faranti ya karkata kaɗan sai ya mayar da shi, tun kafin ita kanta ta sani. Aikin allon nan ke nan, sai dai shi sau ɗaruruwa yake yi a cikin daƙiƙa ɗaya. Manhajar da ake zuba masa, ko Betaflight ko ArduPilot, ba a biyan ko sisi. Ƙa'idar masu haɗawa ita ce injunan huɗu su iya ɗaga aƙalla ninki biyu na nauyin jirgin gaba ɗaya, har da batir. Shi ya sa wanda ya yi firam da katako mai kauri ko ƙarfen walda don ya yi ƙarko, sai ya ga jirgi yana ta ƙugi a ƙasa ya ƙi tashi. Kuma a sani tun yanzu, ƙaramin da aka haɗa a gida mintuna kaɗan yake yi a sama batir ya ƙare. Mai fiffike ya fi shi jimawa nesa ba kusa ba, shi ya sa masu kai magani nesa suka zaɓi fiffike.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu iyayena, ga inda nake neman idonku. Abu biyu ne suke raunata mutum a wannan harka, farfela da batir.

Farfela tana yanka yatsa har ƙashi. Duk lokacin da ake gwaji a kan tebur, a cire farfela tukuna kafin a jona batir. Ba wayo a nan, ba "ai minti ɗaya ne". Kuma kafin tashin farko a gwada kashe rimot, a tabbatar injuna sun tsaya da kansu in saƙo ya yanke. In ba a saita haka ba, jirgi zai kama gabansa ya faɗa inda Allah ya nufa, wataƙila kan rufin ciyawar wani.

Batirin kuwa irin na lithium ne mai laushin jiki, ƙwaya-ƙwaya ne a haɗe. Kowace ƙwaya bolt 3.7 ce, in ta cika 4.2, kuma ba a bari ta sauka ƙasa da 3. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi wajen 3.8, kada a ajiye shi a cike. Cajarsa daban ce, mai daidaita ƙwayoyin, ba a ƙirƙira masa wata da wayoyin da aka tsinta. In aka cika shi fiye da kima, ko aka huda shi, ko aka bar shi cikin zafi, yana kamawa da wuta mai tsanani da hayaƙi mai guba. Mu kuwa kun san zafinmu na Maris da Afrilu, ɗakin kwano da rana tsaka. Umma, in kin shiga ɗakin yaronki kin ga batir a kan katifa yana caji, cire shi. Wurinsa tsakar gida a inuwa, cikin tsohuwar tukunyar ƙasa da yashi a gindinta, kuma da mutum a kusa har ya gama. In kin ga ya kumbura, kin taɓa kin ji ya yi taushi, ya gama aiki. Kada a soke shi da allura wai a fitar da iska. Da hunturu kuma ƙura tana shiga injuna, a riƙa gogewa da busasshen buroshi bayan kowane tashi.

Sai doka, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Gana ta wajabta rajistar jirage marasa matuƙa, kuma shigo da su ƙasa ma da izininta ake yi. Daga cikin ƙa'idojinta, ba a wuce ƙafa 400 a sama, wato kimanin mita 120. Ba a tashi cikin kilomita 10 daga filin jirgi, mutanen wajen Tamale sai ku kula. Ba a bari jirgi ya ɓace wa idon mai tuƙi, ba a tashi da dare sai da izini na musamman. Wanda zai karɓi kuɗi da aikin jirgi, izininsa daban ne da na mai sha'awa. Don haka da zarar an sa wa abu inji da rimot, a nemi hukumar a ji abin da ake buƙata kafin a fita fili.

'Yan'uwana na Bawku, da ku nake musamman. Kun fi ni sanin halin da garinku yake ciki, da dokar hana fita, da jami'an tsaro a hanyoyi, ga iyakar Burkina Faso da ta Togo a kusa. A ƙasashen Sahel 'yan bindiga suna amfani da irin waɗannan ƙananan jirage wajen leƙen asiri da kai hari. Sojan da ya ga abu yana shawagi a kansa ba zai tsaya tambayar ko na ɗalibi ne ba. Ina roƙonku da girman Allah, kada wani ya tayar da jirgi a can ba tare da sanin hukuma ba. Ku koyi dalma, ku koyi lissafi, ku yi tuƙi a kwamfuta, tashi ya jira lokacinsa. A sauran garuruwanmu ma a yi abin a sarari. A gaida sarkin zango a faɗa masa, a sanar da shugaban makarantar da za a yi amfani da filinta, a leƙa ofishin 'yan sanda a ce ga mu, ga abin da muke koyo, ga ranar da muke fita.

Akwai kuma dokar da ba a rubuta a Akra ba, amma kowa a zango ya san ta. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take, makewayi da yawa ba rufi, mata suna aikinsu ba lulluɓi don sun san katanga ta kare su. Mutumin da ba zai leƙa katangar maƙwabcinsa da idonsa ba, ba shi da hujjar leƙawa da kyamara. Yaro ɗaya ya yi wannan, an rufe wa sauran ƙofa shekaru, kuma iyayen da suka hana suna da gaskiya. Filin ƙwallo da gona da bakin gari sun ishe ku.

Gonar ma ita ce inda nake ganin amfanin zai fara bayyana a wajenmu. Kpandai ƙasar doya ce, kuma manomi nawa ne ya san ainihin faɗin gonarsa? Ana sayen taki da magani da ƙiyasi, ana biyan mai tarakta da ƙiyasi, ana rigimar iyaka da ƙiyasi. Hoton sama yana auna gona, yana nuna inda ruwa yake kwanciya da inda shuka ta yi rawaya. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Gana a 2016, manomi ya san bambancin ganin ɓarna da wuri da ganinta bayan ta ci rabin gona. Mutanen bakin Farin Volta kuma, da ruwa yake cinye musu gonaki idan an buɗe madatsar Bagre ta Burkina wajen Agusta da Satumba, suna buƙatar wanda zai nuna wa hukuma iyakar inda ruwan ya kai. Waɗannan ayyuka ne da ake biya, kuma a yanzu daga nesa ake ɗauko masu yinsu. Feshin magani da jirgi kuwa wani mataki ne can gaba, jirginsa babba ne, haɗarinsa babba, ba na mai koyo ba ne.

Ba na ce duk yaron da ya yanka soso zai zama injiniya ba. Wani zai yi wata uku ya bari. Amma ko shi zai fita ya san auna wuta, ya san dalma, ya san karanta umarni ya bi shi daki-daki, ya san abu in ya lalace dalili ake nema. Baba, in ka ga ɗanka ya tara tarkacen rediyo da soso a lungu, kafin ka ce shirme ne a share, ka zauna ka ce ya nuna maka yadda yake aiki. Ka sa masa sharaɗi: karatu da salla da aiken gida tukuna, batir a tsakar gida, tashi a fili da babba a wurin. 'Ya mace ma in ta nuna sha'awa a bar ta ta riƙe ƙarfen dalma, hannun da yake zare da allura ba ya rawa. Malaman kimiyya na sakandare a Kpandai da Salaga da Yendi, ku ne za ku iya tara yaran nan wuri ɗaya ranar Asabar, ku gayyato mai gyaran waya ɗaya ya koya musu dalma, ku rubuta wa hukuma da sunan makaranta, ku nemi shawarar Jami'ar Fasaha ta Tamale. Takardar makaranta tana buɗe ƙofar da yaro shi kaɗai ba zai iya buɗewa ba.

Lokaci ya ƙure mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna a kan dalma kaɗai: yadda ake zaɓen ƙarfe, yadda ake gane haɗin da ya kama da wanda zai saki a sama, da yadda ake gwada wayoyi kafin a jona batir. Masu son gwadawa su nemo sosonsu da rezarsu kafin nan.

(Kiɗan rufe shiri)